Zafin Inji a Hanyar Maiduguri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Abba, assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka a duk inda tayarka ta taka.

Gidanmu ɗaya, tsakanin turakata da ɗakinka na zaure bai fi taku goma ba, amma ga ni ina rubuta maka wasiƙa kamar kana wata ƙasa. Dalili biyu ne. Na farko, idan na buɗe baki yanzu faɗa zan yi, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce "to, Baba", ka fita ba ka ji komai ba. Na biyu, kai ɗan fari ne. Mu da kakanninmu suka bar shanu suka zauna a nan Sheshe, mun bar sanda mun bar ruga, amma kunyar ɗan fari tana nan yadda take. Shekara talatin da wani abu ina tuƙin a-kori-kura, ban taɓa tsayar da kai a gaban inji na ce maka ga wannan ga wancan ba. Na miƙa ka wurin Bala bakanike, na koma gefe ina jin ni mai kunya ne. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma jiya na ga sakamakonsa da idona.

A bakin mahaifiyarka na ji cewa ranar Asabar za ka ɗauki motar Alhaji Ɗanlami, ka kai shinkafa da man gyaɗa Maiduguri. Ba ka shawarce ni ba, ban kuma hana ka ba. Mutanen can suna cikin yaƙi, ciki kuwa ba ya jiran a gama yaƙi, dole wani ya kai musu abinci. Amma jiya bayan la'asar na fita bakin titi inda kake ajiye motar, tunda lungunmu ko kurar ruwa da ƙyar take shiga, na kwance igiyar da kuka ɗaure bonet da ita na leƙa. Abba, ga abin da na gani. Bakin lagireto ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa kanwa. Ruwan ciki ja ne, yana warin taba. Na sa yatsa ɗaya na kaɗa fanka ta yi ta juyi kamar ta wasan yara, babu abin da yake riƙe ta. Wayar da take kai labarin zafi zuwa allurar gaban direba kuwa tana nan tana lilo, an cire ta an bar ta. Da wannan za ka bi hanyar da ake tare mutane a daji? Wane irin rashin hankali ne wannan?

Daga nan garejin Bala na wuce. Na same shi yana shan rake a inuwa.

Na ce, "Bala, kai ka duba motar da yaron nan zai tafi da ita?"

Ya ce, "Ni ne, Baba Garba. Ai mota ce lafiyayya, ko Sudan za ta je."

"To wayar allura fa?"

"Haba Baba, allurar ce take da rigima, ba injin ba. Kullum tana sama, tana ɗaga wa direba hankali a banza. Shi ya sa na cire."

Na dube shi, wallahi kamar kaina nake ji yana magana shekarun baya. Shi ya sa zan ba ka labarin wautata ɗaya bayan ɗaya. In ka ga dama ka yi dariya, amma ka karanta har ƙarshe.

Motata ta farko, ruwan rijiyar gidanmu ne ya cinye ta. Ka san ruwan rijiyoyin cikin gari, zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa da shi, ko shayi ba a dafawa. Ni kuwa kowace safiya sai in cika buta, in yi bismilla, in ɗura wa lagireto, har ina cewa ruwan gidan ubana akwai albarka. Ruwan da na ƙi sha, shi nake ba injin da yake ciyar da ni. Bayan damina biyu mota ta fara zafi da zarar na hau titi na sake mata. Da mai gyaran lagireto a Ƙofar Ruwa ya buɗe tankin sama, ya kira ni ya ce in zo in gani. 'Yan ƙananan hanyoyin ruwan nan duk sun toshe da farin abu kamar gindin tsohuwar butar shayi. Rabinsu ko tsinke ba ya wucewa.

Don haka kada ruwan rijiya ya sake kusantar motar da kake tuƙawa. Ka sa a wanke lagireton nan tas, a zuba ruwan nan kore na cikin galan da ake ce wa kulan. Shi ba ya saurin tafasa, ba ya kuma barin tsatsa. Ka lura, akwai na jabu, ruwan banza ne aka zuba wa kala. Ka murza shi tsakanin yatsu biyu, na gaske yana da ɗan santsi. Kada ka ɗanɗana, guba ne. In ka rasa shi a hanya, ruwan sama ko na leda ya fi na rijiya sau nawa. In kana son sanin ko lagireto ya toshe, ka bari inji ya ɗumama, ka kashe shi, ka zare makulli, sannan ka bi fuskar lagireton da tafin hannu a hankali. Inda ka ji sanyi alhali gefensa da zafi, nan ruwa ba ya bi.

Tabon da yake hannuna na dama, wanda kuna yara kuke tambaya a ce muku wuta ce, ba wuta ba ce, gaggawa ce. A hanyar Wudil mota ta tafasa mini da rana tsaka, mai kaya yana ta duba agogo yana tsaki. Don in nuna masa na san aikina, na yi tsalle na murɗe marfin lagireto da hannu tsirara. Ruwan ya yi sama ya dawo kaina. Sati shida ba na iya kai loma baki da dama. Kuma ban tsaya nan ba, ina cikin wannan azaba na ce wa mai kayan ya juye jarkar ruwan sanyi a ciki mu tafi. Ya juye, muka ji wani ƙas. Kan silinda ne ya tsage. A rana ɗaya na dafa hannuna, na fasa injina, duk don kada wani mutum da ko sunansa ban riƙe ba ya ce na yi nawa.

Idan ta tafasa, ka kashe ta ka ɗaga bonet ka koma gefe ka zauna. Duk mai gaggawa ya sauka ya taka da ƙafarsa. Sai ka iya matsa tiyon sama ka ji ya yi laushi, sannan ka ɗora tsumma mai kauri a kan marfin, ka murɗa kaɗan ka bar iska ta fita, fuskarka tana can gefe. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan ake zubawa, inji yana aiki. Shi kansa marfin ka juya shi ka dubi robarsa. In ta tsattsage ko sifirin ya mutu, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana gudu ta robar gefe, kai kana can kana neman ciwo a wani wuri. Na san direban da ya sauke inji gaba ɗaya, ashe marfi ne.

Warin tabar da na ji a motarka kuwa, na san shi sarai, don ni ma na yi. Lagireto ya fara yoyo, maimakon in kai a yi masa dalma, sai na bi shawarar 'yan tasha. Wannan ya ce garin taba, na zuba. Wancan ya ce garin kwaki ya fi kamawa, na zuba. Wani ya ce ɗanyen ƙwai, na fasa biyu. Na mai da lagireto tukunyar miya, saura gishiri kawai. Yoyon ya tsaya kuwa, na yi ta yabon kaina kwana huɗu. Abin da ban sani ba, garin bai san ramin da aka aike shi ba. Ya toshe inda yake yoyo, ya toshe inda ba ya yoyo, ya je ya danƙare a wata-famfo, wato famfon da yake zagaya ruwan cikin inji. Wanda ya zuba taba a motarka ya san tana yoyo, ɓoyewa ya yi. Ka nemo wurin. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, da safe ka ga inda ya jiƙe. Ka duba bakin kowane tiyo, ka duba ƙarƙashin wata-famfo ko akwai sawun ruwa da ya bushe, ka kama fulinsa, wato faifan da bel yake juyawa, ka jijjiga ka ji ko yana rawa.

Akwai kuma tamostat, ɗan ƙarfen nan mai sifirin da yake zaune a bakin tiyon sama, yana rufe ruwa har inji ya ɗumama sannan ya buɗe. Duk kanikawan garin nan sun haɗa baki cewa kayan ƙasar sanyi ne, da mota ta zo sai su zare shi su wurgar. Ni ma na zare nawa ina taƙama. Sai mota ta koma shan mai kamar ana binta da bulala, ga hayaƙi da safe, kuma zafin da na cire shi dominsa bai tafi ba, don ciwon ba a nan yake ba tun farko. Waɗanda suka ƙera injin ba mahaukata ba ne. In kana zarginsa, ka ɗaura masa zare ka zura shi a tukunyar ruwa a kan wuta. In ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, lafiyarsa lau, mayar da shi. In ya ƙi, ka sayi sabo. Na ga sabon gam a mazauninsa a motarka, na tabbata Bala ya riga ya yi aikin nasa.

Abin da na ɗauki shekara ashirin kafin in gane, zan ba ka shi a layi kaɗan. Kada ka tambayi mota me ya sa take zafi, ka lura da lokacin da take yi. In a tsaye take zafi, a cunkoso ko a layi, amma da ka hau titi iska ta buge ta sai allura ta sauko, to fanka ce, ko fambel, wato bel ɗin da yake juya ta, ya saki. In kuma a tsaye lafiya lau, sai ka ɗauki gudu ko ka hau tudu da kaya take tashi, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ka nemi lagireto, wata-famfo, ko tiyon ƙasa da yake shaƙewa in an taka totur. In tana shan ruwa kullum amma ƙasa a bushe, wannan shi ne mugun. Da sassafe, inji da sanyi, ka buɗe marfi ka cika ruwa har baki, ka tayar da ita ka zuba ido. In ka ga ƙwayoyin iska suna ta ɓulɓulowa ba tsayawa, gaskit ɗin da yake liƙe kan silinda ya ƙone. Ka buɗe marfin baƙin mai, in ka ga ya yi kamar an dama koko da madara, magana ta ƙare. Haka in salansa tana ta farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama. Motar da take haka ba ta zuwa Maiduguri, ko Alhaji zai yi birgima a ƙasa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, sauran duk share fage ne.

Ka san Malam Ilu, abokina, mai zama a ƙofar masallacin unguwa da sandunansa biyu. An gaya muku a shingen bincike aka harbe shi, tsautsayi ne. Gaskiya ne a shinge ne. Sauran labarin ni kaɗai na sani, ko mahaifiyarka ban gaya wa ba.

Lokacin da aka cika Kano da shingaye ne, ana ta tashin bam, masu babur suna sauka su tura da hannu, kowa yana kallon kowa da tsoro. Fankar motata ta yi sati biyu da mutuwa, irin mutuwar da na gani a taka jiya. Na sani sarai. Amma a kan titi iska tana rufa mini asiri, sai na yi ta cewa gobe. Allurar zafi ta dame ni da hawa duk lokacin da na tsaya, sai na samo sitikar addu'ar tafiya na manna a kanta, don in daina ganinta. Ka ji fa. Abin da yake gaya mini gaskiya na toshe wa baki, kuma da sunan Allah na toshe shi, ina kiran wannan tawakkali. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar mun ɗauko buhunan barkonon Ilu daga kasuwar ƙauye, an rufe su da tamfol, muka iso shingen shiga gari wajen azahar. Layi ya yi tsawo, ana matsawa taku-taku. Da na kashe inji da an zauna lafiya, amma batirina ma ya yi sanyi, in na kashe sai an tura, ni kuwa ina jin kunyar a ga ana tura ni. Na bar ta tana aiki, rana tana dukan bonet, babu fanka, babu allura. Saura mota huɗu mu kai buhunan yashin da masu kaki suke bayansu, sai tiyon sama ya fashe. Ƙarar ta yi kamar an buga ganga a cikin kunne, tururi ya turnuƙe gaban motar. Wata mata ta ƙwalla ihu ta ce bam. Nan take mutane suka watse, ana tsallake kwata, ana barin takalma.

Ilu mutum ne mai son taimako. Kafin in ce masa komai ya fizgi jarkar ruwa, 'yar rawaya ɗin nan, ya ɓalle ƙofa ya yi gaba da gudu yana cewa, "Garba, buɗe bonet, buɗe bonet!" Ka tsaya ka ga abin da idon wanda yake bayan yashi ya gani: mota a rufe da tamfol tana hayaƙi, mutum ya fito daga cikinta da jarka yana gudu ya nufo su. Sun daka masa tsawa, bai ji ba saboda ihun jama'a. Harbi ɗaya ne, a gwiwa.

Ban taɓa ganin laifin yaron da ya harba ba. Bai fi sa'anka ba. Sun kwantar da mu a kan kwalta. Sun zazzage barkono kaf, suka ga barkono ne. Ƙafar Ilu kuwa ba ta gyaru ba, sai da aka yanke.

Da na je duba shi a asibiti, shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya kama hannuna ya ce, "Garba, kada ka sa wa ranka komai. Inji ne, ba ya shawara da kowa. Haka Allah Ya rubuta." Na ce, "Haka ne, Ilu." Ban ce masa injin ya yi sati biyu yana shawara da ni ba. Na dawo na ɓanɓare sitikar, na sayi fanka a ranar, aikin da bai ɗauki awa ɗaya ba. Kullum sau biyar nake wuce shi a ƙofar masallaci, kullum sai ya yi mini fara'a ya tambayi iyali.

To Abba, ni a bakin garinmu abin ya same ni, inda ake jin Hausata, inda asibiti yake kusa. Kai inda za ka, shingayen sun fi yawa, layin ya fi tsawo, masu tsaron sun fi firgita, kuma tsakanin gari da gari akwai dajin da ba a tsayawa ko fitsari. An ce wani wurin ma waya ba ta shiga. Saboda haka ba roƙonka nake ba, umarni nake ba ka. Gobe Juma'a tun da safe ka kai motar nan a mayar da wayar allura, a canza fanka, a wanke lagireto a like shi da dalma, a sa tamostat da sabon marfi, a duba batir. Ka yi gwajin gaskit da idonka, kada ka aika. Ka riƙe tiyon sama da na ƙasa da fambel na ajiya a bayan kujera. In Alhaji ya ce babu lokaci, ka ajiye masa makullinsa a kan tebur ka ce ni na ce. Ya san gidana.

In ka shiga layin shinge, ka kashe inji, ka riƙa tayarwa in an matsa. Idonka ɗaya a kan allura. In kuwa ta yi maka tururi a kusa da su, kada ka fita, kada wanda yake gefenka ya fita, kada kowa ya taɓa jarka. Ka kashe ta, ka fito da hannuwanka biyu ta taga, ka zauna har su zo da kansu.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi, don ta saɓa wa duk abin da na rubuta a sama. Ni mutum ne da in na ji ana wahalar da inji sai raina ya ɓaci kamar ana dukan dabba. Amma in allura ta hau ja a tsakiyar dajin nan, inda ka ga ƙauyuka a ƙone, babu mota gaba babu mota baya, kada ka tsaya. Ka rage gudu, ka sa giya mai sauƙi, ka yi ta tafiya. Ta yi tururi, ka tafi. Ta fara ƙwanƙwasa, ka tafi. Ka ƙona gaskit, ka tsaga silinda, ka narkar da injin gaba ɗaya in dai zai kai ka inda mutane suke. Inda ya mutu, ka bar shinkafar da motar a nan, ka shiga duk abin da ya zo wucewa. Ni zan je gaban Alhaji in tsaya, ya faɗi duk abin da zai faɗa a fuskata. Inji ana sayar da shi a Ƙofar Ruwa, na san shagunan ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa ganin inda ake sayar da ɗa ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya rufe idon mugu daga kanka, Ya sanyaya zukatan waɗanda za ka tarar a hanya. Allah Ya kawo wa mutanen can sauƙi, Ya kashe wannan wuta. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ni ma na sa. Ka dawo mana, ko da a ƙafa ne.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Direba, Sheshe.